Ba Kowace Damuwa Ce Shafar Aljani Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya kai ɗan'uwa da muke haɗa sahu da kai, akwai wani zalunci da muke yi a cikin gidajenmu, muna kuma kiransa addini. Mace ta haihu, ta daina barci, ta ƙi abinci, tana kuka ba dalili, sai mu ce aljani ne. Saurayi ya shafe awa guda a bakin famfo yana maimaita alwala, sai mu ce sammu aka yi masa. Magidancin da ƴan bindiga suka kora daga ƙauyensu a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji yana zabura duk lokacin da ya ji ƙarar babur, sai mu ce tawakkalinsa ne ya yi rauni. Daga nan sai yawon gidajen masu magani, a sayar da akuya, a sayar da hatsi, wani a sa masa mari, wani a tsula masa bulala wai aljanin ake duka. Wanda kuwa ya ce a kai shi wurin masanin halayyar ɗan'adam, wanda a asibitocinmu ake kira sikolog, sai a dube shi kamar ya yi saɓo.

Ruƙya ta shari'a gaskiya ce, ba mu musunta. Amma ka tuna Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya taɓa masa gani, kuma babu mai cewa imaninsa ya ragu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shi ya umarce mu da neman magani.

To, me wannan masani yake yi? Ba duba yake yi ba, ba ya kuma rubuta ƙwaya. Rubuta magani aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Shi zama yake yi da mara lafiya, galibi sau ɗaya a mako, na kusan awa guda. Zai fara da sauraro: yaushe abin ya soma, me ke tayar da shi, yaya barci, yaya ci. Abin da aka faɗa masa amana ce, ba ya fita waje sai in rai na cikin haɗari.

Mai baƙin cikin da ke cewa "ni ba ni da amfani", ana sa shi ya rubuta wannan tunani, sannan a auna shi: mece ce hujjarka, mece ce kuma hujjar da ta saɓa mata? Ana kuma tsara masa ƙananan ayyuka na yini, kamar fita jam'i da gaida dangi, don zaman ɗaki yana ƙara ciwon. Wanda ya ga tashin hankali, ana koya masa saisaita numfashi, sannan a bi labarin abin da ya faru da shi sannu a hankali, har tunawa ta daina jefa shi cikin firgici. Mai waswasi kuwa, ana horar da shi ya yi alwala sau ɗaya ya tashi, ya daure wa ƙuncin da zai biyo baya, har zuciya ta saba.

Ka dubi wannan na ƙarshe da kyau. Ashe ba shi ne hukuncin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid ba, cewa wanda kokwanto ya aure shi a sallah ya kau da kai daga gare shi, ba sai ya koma gyara ba, sai dai ya yi sujada bayan sallama? Masu cewa ilimin Turawa ne, su sani Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta yadda ake tunkarar baƙin ciki da waswasi da kyakkyawan tunani, fiye da shekara dubu kafin Aaron Beck ya tsara hanyarsa a Amurka a shekarun 1960. Kayanmu ne muka yar, wasu suka tsinta suka goge.

Kana iya cewa: idan ya kaɗaita da matata fa? Ka nemi mace, ko ka raka ta ka zauna kusa. Idan ya ce a bar sallah fa? Masani na ƙwarai ba ya taɓa aƙidar mutum. Wanda ya taɓa, a bar shi a nemi wani. Gurɓataccen likita ɗaya ba ya haramta asibiti.

Saboda haka, in kana da irin wannan mara lafiya a gida, amana ce a wuyanka. Ka kwance masa mari yau. Ka kai shi asibitin da ke kusa, su za su tura ku inda ya dace, ko a Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, ko sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa da ke Yamai. In an ba shi magani, kada ka tsayar da shi don wani ya ce ya warke. In ka ji yana ambaton kashe kansa, kada ka bar shi shi kaɗai, kada ka jira gobe. Ka ci gaba da yi masa addu'a da karatun Alƙur'ani, domin addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Ku kuma limamanmu, ku faɗi wannan a kan mumbari, don maganarku jama'a ke ji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yafe mana abin da muka yi musu cikin jahilci. Wassalamu alaikum.