Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Duk wanda ya yi sammako zuwa Babbar Kasuwar Onitsha da kasuwar Ose da ke gefenta a bakin Kwara, zai ga manyan motoci daga Arewa ana sauke wake da gyaɗa da albasa da tumatir da busasshen kifi. Haka abin yake a Enugu da Fatakwal. Abin takaici shi ne da yawa daga 'ya'yan masu kawo wannan kaya suna tafiya makaranta ba su karya da komai ba sai ruwan shayi da guntun burodi, ko kuma a danƙa musu 'yan kuɗi su ƙare a wajen mai alewa da biskit.

Ba a nan matsalar ta fara ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma adadin ya haura rabi, alhali a Kudu maso Gabas bai kai ɗaya cikin biyar ba. Watau yaron da aka ɗauko daga gida aka sa a makaranta a Onitsha, sau da yawa ya riga ya shiga aji a bayan tsararsa. In aka ƙara masa da yunwar safe, sai gyangyaɗi da mantuwa, a ce masa daƙiƙi, alhali kuwa ciki ne babu komai.

Wasu iyaye sun sa rai ga gwamnati. Gaskiya ne a shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan makaranta a kan Naira 70 kowane yaro a rana, kuma Jihar Anambra na cikin na farko da suka soma. Amma shirin na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne a firamaren gwamnati, bai shafi Islamiyya ko makarantar allo ba, kuma a watan Janairun 2024 an dakatar da shi. Saboda haka mai jiran tukunyar gwamnati yana iya daɗewa da kwano a hannu.

Magani yana cikin rumfunan 'yan kasuwa. Garin rogo yana cika ciki, amma abin da ke gina tsoka da jini a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Wake kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu nasa abin gina jiki ne. Ƙosai da koko, ko kunun gyaɗa, ko ɗanwake, ko alala, sun fi burodi nesa ba kusa ba. Okpa da mutanen Enugu ke karyawa da ita, ai gurjiya ce aka niƙa aka dafa da manja, kuma manjan nan yana ba da sinadarin da ke kare ido. Ganyen ugu da alayyahu da zogale da hanta da kifi suna ƙara jini, abin da 'yan mata masu tasowa suka fi kowa bukata. A kuma sani cewa shayi a kan abinci yana rage wa jiki amfanin sinadarin ƙarfe, lemo da gwaiba kuwa suna ƙara shi. Gishiri a sayi mai aidin. Maganin tsutsar ciki a nemi shawarar ma'aikatan lafiya a ba yara a kan kari, domin kada a ciyar da tsutsa a bar yaro.

Babu mai musun tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, ga kuɗin haya, ga aike gida. Amma maigidan da ke cin tuwo da nama a wajen mai abinci a kasuwa, ba shi da hujjar barin ɗansa da ruwan bunu. Gwangwanin wake ɗaya daga buhun da ake aunarwa ba zai karya jari ba.

Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan albasa da na mahauta a garuruwan nan uku su zauna a kan wannan magana. Kowace ƙungiya ta ware mudu a mako, a samu mata amintattu su dafa wa 'yan Islamiyya da almajirai abinci ko da sau uku ne a mako, malamai su riƙe lissafi a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Wanda ya bar gida ya zo neman arziki, 'ya'yan nan su ne ribar tafiyar. Allah Ya sa a duba.