Kuɗin haya: Me ya sa biya a kan lokaci ke gagara a Nijeriya?

A biranen Nijeriya kamar Legas da Abuja da Kano, abin da aka saba shi ne mai gida ya nemi ɗan haya ya biya kuɗin shekara guda, wani lokaci ma shekara biyu, kafin ya miƙa masa makulli.

Masu gidaje na ɗaukar wannan a matsayin hanya mafi sauƙi ta tabbatar da cewa haƙƙinsu ya shigo hannu. Sai dai da zarar shekarar farko ta ƙare, sau da yawa nan ne rigima ke farawa.

Dalili kuwa a fili yake. Ma'aikaci a wata-wata yake karɓar albashi, ɗan kasuwa kuma kullum yake samun nasa, amma ana buƙatar su tara kuɗin wata 12 su bayar a rana ɗaya.

Tara kuɗi ya ƙara wuya tun bayan janye tallafin man fetur a shekarar 2023. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna cewa hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70.

Tsoron masu gidaje

Su ma masu gidajen suna da hujjarsu. Doka ba ta ba su damar fitar da ɗan haya da ƙarfi ba, ko da kuwa ana binsa bashi.

A Abuja da Legas, idan babu wata yarjejeniya da ta saɓa wa haka, mai biyan kuɗin shekara sai an ba shi wa'adin wata shida, mai biyan na wata kuma wa'adin wata ɗaya. Bayan nan sai sanarwar kwana bakwai, sannan a nufi kotu, inda shari'a kan ɗauki watanni.

A duk tsawon wannan lokaci ɗan hayar na zaune a gidan. Wannan ne ya sa mai gida ke gwammace ya karɓi mai yawa tun da farko.

Abin da dokoki suka gwada

A shekarar 2011 jihar Legas ta kafa dokar da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, tare da tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata uku ga mai bayarwa da mai karɓa. Dokar ta wajabta bayar da rasit, ta kuma haramta korar ɗan haya ba tare da umarnin kotu ba.

A 2022 kuma, Sanata Smart Adeyemi ya gabatar wa majalisar dattawa ƙudurin da ya nemi a koma biyan wata-wata a Abuja, bayan an biya na wata uku da farko.

Ghana ta riga Nijeriya bin wannan hanya. Dokar hayarta ta 1963 ta taƙaita kuɗin da za a karɓa tun farko ga wata shida, amma a birnin Accra masu gidaje sun ci gaba da neman na shekara ɗaya ko biyu. A 2023 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin da ke biya wa ɗan haya kuɗin a dunƙule, shi kuma ya riƙa mayarwa kowane wata.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, doka kaɗai ba ta isa ba muddin masu neman gida sun fi gidajen yawa. Wanda ya ƙi biya, akwai wani a bayansa da zai biya.

Ina mafita?

Abin da ya fi kusa da hannun mai gida shi ne ya daidaita ranar biya da ranar samun ɗan hayarsa. Ma'aikaci zai iya umartar bankinsa ya riƙa cire kuɗin da zarar albashi ya shiga, ɗan kasuwa kuma a raba masa kashi uku ko huɗu a shekara.

Na biyu shi ne rubutacciyar yarjejeniya da shaidu. Haya da dama a arewacin ƙasar ana ƙulla su ne da baki, ta hannun dillalin da ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa. Takardar da ta fayyace ranar biya, da wanda gyara ya rataya a wuyansa, da mutumin da ya tsaya wa ɗan hayar, na rage gardama, kuma ita ce hujja a gaban alƙali.

Na uku, tuni a kan lokaci da kuma kula da gida. Ɗan hayar da rufi ke zubo masa da ruwa ya samu uzurin riƙe kuɗi.

Amma babban aikin na hannun gwamnatoci. Muddin mai gida bai da tabbacin cewa kotu za ta karɓo masa haƙƙinsa cikin hanzari, da wuya ya saki kuɗin shekara ya rungumi na wata.