Kwamfuta Ba Ta Gumi: Kira Ga Makarantun Kankara, Faskari Da Sabuwa

Sanin kowa ne cewa tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, bayan ta fara gwada hakan a 2013. Ke nan ɗalibin da ya gama sakandare a Kankara ko Faskari ko Sabuwa bai taɓa zama gaban wannan na'ura ba, ya shiga jarrabawa da rauni tun kafin ya ga tambayar farko. Wannan ne ya sa makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara ke ta faɗi-tashin sayen kwamfutoci. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, sayen na'ura daban, raya ta daban. A ƙasa mai zafi da ƙura, babu abin da ya fi ƙayyade tsawon ranta kamar yadda aka ɗaure mata abin sanyaya ƙwaƙwalwa. Saboda haka ya kamata wannan ɗan aiki ya shiga cikin abin da malamai da ɗalibai za su iya yi da hannunsu.

Domin a fahimci matsalar, sai a fara duba jikin ɗan Adam. Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Baligi da ke zaune yana hutawa yakan fitar da zafin da ya kai kusan wat 100, amma yana da fatar da faɗinta ya kusa murabba'in mita 2 da zai watsar da shi, ga kuma gumi. Kowane giram guda na gumi da ya bushe yakan tafi da zafin da ya kai wajen jul 2,400. Ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato firosesa, faɗinta bai wuce na kwalin ashana ba, amma takan fitar da wat 65 zuwa 125, wasu ma fiye da haka. Ashe zafin mutum guda ne aka tara a wuri kamar tafin hannun jariri, kuma babu gumi. Idan zafin ya doshi digiri 95 zuwa 100, firosesa za ta rage gudu don ta tsira, in abin ya ƙi sai na'urar ta kashe kanta.

Maganin da injiniyoyi suka samo bai yi nisa da abin da ke cikin halittu ba. Giwa tana da faffaɗan kunne cike da jijiyoyin jini, tana kaɗa shi iska ta ɗebe zafi. Haka masanyayin kwamfuta yake: siraran ganyayen alminiyom ne jere da juna don a sami faɗi, da fanka mai hura iska a tsakaninsu. A cikin manyan masanyaya akwai bututan jan ƙarfe da aka rufe ɗan ruwa a ciki. Ruwan yakan zama tururi a gindi inda zafi yake, ya hau sama ya huce, ya komo. Dabarar gumi ce, kuma ita ce ke sanyaya ruwan randa. Da ita Mohammed Bah Abba ya yi tukunya cikin tukunya ta adana kayan lambu a Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

To, amma akwai iyaka. Masanyayi mai aiki da iska ba ya iya sa firosesa ta fi iskar ɗaki sanyi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin kudancin Katsina kan kai digiri 40, tazarar da ta rage wa na'ura ta ragu ƙwarai, kuma daidai lokacin ne ɗalibai ke shirin jarrabawa. Kafin nan hunturu ya riga ya kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya cusa ta tsakanin ganyayen. Kuskuren ɗauri da na'ura za ta jure a Ingila, a Sabuwa ba za ta jure shi ba.

A nan ne wasu ke ganin mafita ita ce a sayi ƙaton masanyayi. Sai dai Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Jan ƙarfe ya fi iska iya ɗaukar zafi wajen sau 15,000. Don haka 'yar tazarar da ido ba ya gani tsakanin gindin masanyayi da saman firosesa ta isa ta ɓata aikin duka. Ƙaramin masanyayi da ya zauna daram ya fi babba da ya karkace. Bugu da ƙari, babba nauyi gare shi. Alal misali, samfurin Noctua NH-D15 ya haura kilo 1.3 tare da fankokinsa, kuma a rataye yake a jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, alhali kaurin allon bai wuce milimita biyu ba.

Yadda ake ɗaurin ba shi da wuya, natsuwa kawai yake so. Da farko a tabbatar ƙarafan ɗauri sun dace da mazaunin firosesa, domin ramukan allo sun bambanta: na wasu tsofaffin mazaunan Intel tazarar milimita 75 ce, na LGA1700 da ya fito a 2021 kuwa 78. A cire wayar lantarki, a kwantar da akwatin, a taɓa ƙarfensa don kawar da tartsatsin nan da jiki ke tarawa lokacin hunturu. A sa farantin ƙarfe a bayan allo, shi ne zai raba nauyin. A ɓare ledar da ke manne a gindin sabon masanyayi, domin mantawa da ita kuskure ne da ya zama ruwan dare. A goge tsohon man da ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Wannan man ba mai ba ne na gudu, aikinsa cike 'yan ramukan da iska za ta maƙale. Sannan a ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, har su tsaya, ba tare da murɗawa da ƙarfin tsiya ba. Daga ƙarshe a jona wayar fanka a gurbinta, a kunna, a duba ma'aunin zafi. Idan za a yi tafiya da na'urar a kan hanya mai gargada, a kwantar da ita, ko a cire masanyayin tukuna.

Mai yiwuwa wani shugaban makaranta ya ce yara za su yi gyaran gangar Abzinawa, gara a jira gwani. Tsoron yana da hujja, amma a duba halin da yankin ke ciki. Tun kafin sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara a watan Disamba na 2020, da kuma bayansa, rashin tsaro ya sa tafiya a waɗannan ƙananan hukumomi ta zama abin tunani. Kiran mai gyara daga Funtua ko Malumfashi ko Zariya kan ci kuɗi da makonni, ɗaukar na'urar a kai masa kuwa girgiza ce da ke kwance ɗauri. Ɗalibin da aka amince wa ya riƙe madubin ƙara girma a ɗakin gwaji zai iya riƙe sukurudireba, muddin malami na tsaye a kansa, kuma an fara da na'urar da ta riga ta mutu.

Wani kuma zai ce yawancin kwamfutocin makarantu na gwanjo ne, irin su HP da Dell, waɗanda ƙaton masanyayi ba ya ma shiga akwatinsu. Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara ƙarfafa batun. Irin waɗannan na'urori sun yi shekaru, mansu ya bushe, ƙura ta toshe su. Abin da suke bukata shi ne a kwance, a share, a sake mai, a ɗaure daidai, a kan kuɗin da bai kai na sabuwar na'ura ko kusa ba.

Saboda haka ana kira ga shugabannin makarantu da su ware ɗan kaso na gyara duk lokacin da za a sayi kwamfuta, su kuma tsayar da ƙarshen hunturu a matsayin lokacin share na'urori kowace shekara, kafin bazara ta shigo. Malaman kimiyyar halittu da na fiziya su haɗa kai, su buɗe akwati guda a gaban aji ranar da za su koyar da yadda zafi ke tafiya. Ɗalibin da ya gane dalilin da ya sa yake gumi ya riga ya gane rabin aikin, saura kawai a miƙa masa sukurudireba. Rigakafi dai ya fi magani.