Yaro Ba Benci Ba Ne

Kafintocin Yendi suna da wani barkwanci: benci kwana biyu ake yinsa a karɓi kuɗi, yaro kuwa shekara ashirin ana gyaransa, kuma mai gyaran ne ke biya. Maƙeran Bawku sukan ce in guduma ta ɓace, a tambayi auta.

Muna dariya, amma mun san nauyin. Tun 2017 gwamnatin Ghana ta ɗauke kuɗin makarantar sakandare, sai dai katifa, akwati, gari da kuɗin mota har yanzu daga aljihunmu suke fita. Shi ya sa wasunmu ke cire yaro daga aji su zaunar da shi a rumfa.

Jama'a, wannan lissafi bai yi ba. Kakanninmu fataken goro na Salaga sun san riba ba ta zuwa ranar da aka ɗaure kaya. Yaron da ya yi karatu shi zai duba mana takardar kwastan a kan iyaka, ya lissafa sidi da sefa ba a cuce mu ba. Ya koyi sana'a lokacin hutu, amma a bar masa makarantarsa. Allah ya yi wa zuri'a albarka.