Motar Lantarki: Kafin Ka Tambayi Nisan Zangonta, Duba Mitar Gidanka



Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, hirar motar lantarki ta shigo majalisun da a da ba a taɓa jin ta ba. Litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haye naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, don haka ba abin mamaki ba ne mutum ya fara tunanin motar da ba ruwanta da gidan mai. Abin da na lura shi ne duk inda aka tayar da zancen, tambaya ɗaya ake fara yi: idan an cika ta da caji, kilomita nawa take ci? Ni kuwa a ganina wannan tambayar ta uku ce. Ta farko ita ce kilomita nawa kake yi a rana, ta biyu kuma ina za ka samu wutar da za ka zuba mata. Wanda ya amsa waɗannan biyun tsakani da Allah ya riga ya san ko motar ta dace da shi.

Bari mu fara da lambar da dillali zai nuna maka. Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a 2020, batirinta na ɗaukar yunit 64, irin yunit ɗin da kake saye a mitar gidanka. An tallata ta da cewa tana cin kilomita 482. Amma hukumar kare muhalli ta Amurka da ta gwada mota irin wannan, kimanin kilomita 415 ta ba ta. Motar ɗaya ce, batirin ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. Ma'auni uku ne suka fi yawo a duniya: na Amurka shi ne mai tsauri, na Turai yana tsakiya, na China kuma shi ya fi sassauci, shi ya sa lambarsa ke fin kyau a takarda. Tunda yawancin sababbin motocin da ke shigowa ƙasashenmu daga China suke, sai ka tambayi dillali da wane mudu aka yi awon.

Ko ma'aunin Amurkan ma ba a kan hanyar Zariya aka yi shi ba. Motar lantarki akasin ta fetur ce ta wannan fuska: a cikin gari take da tattali, a babbar hanya take shan wuta. A cunkoso, duk sanda ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki, wani kaso na ƙarfin yana komawa cikin batir. Amma ka hau titi kana gudu 120, ga na'urar sanyaya mota a kunne saboda zafin Afrilu, sai ka ga cajin yana zubewa kamar ruwa a rariya. Kuma babu mai hankalin da zai bari batir ya kai sifili a daji. Saboda haka motar da aka ce tana cin 415, ka ɗauka abin da za ka dogara da shi a doguwar tafiya bai fi 300 ba. Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 170, lafiya lau. Kano zuwa Kaduna, wajen 230, za ta kai ka, amma sai ka sami inda za ta kwana a jone kafin ka juyo. Kano zuwa Abuja ta haura 400, sai an yada zango. Maiduguri kuwa ba a ma maganarta. In mai ya ƙare maka a hanya, ɗan bumburutu yana nan da galan ɗinsa ko a ƙauye ne. Lantarki ba shi da ɗan bumburutu.

Wuraren caji na jama'a akwai su jefi-jefi. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar NADDC, an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin a yaba ne. Sai dai tasha a cikin jami'a ba ta warware matsalar wanda cajinsa ya ƙare tsakanin Gusau da Funtuwa. A yanzu duk wanda zai sayi motar nan a Arewa, ya sa a ransa cewa gidansa ne gidan mansa.

To a nan ne lissafin yake, kuma ku yi haƙuri da lambobi, ba yadda za a yi a tsallake su.

Ƙaramar motar lantarki tana shan kimanin yunit 15 a kowace kilomita 100. Idan aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji, mu ce 17. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. An ɗan rage daga baya, amma mu yi amfani da wannan. Yunit 17 ya kama naira 3,825. Ƙaramar motar fetur mai lafiya tana shan kamar lita 8 a wannan nisa. Idan muka ƙaddara lita a naira 900, ya zama 7,200. Ke nan da wutar da ta fi kowace tsada ma, mai motar lantarki ya rage kusan rabin kuɗin tafiyarsa. Ga shi ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, birki ma yana daɗewa bai cinye ba. Wannan ɓangaren gaskiya ne, masu tallar ba ƙarya suke yi ba.

Abin da ba sa faɗa shi ne abin da ke faruwa in babu wutar. Ƙaramin janareton fetur irin na gidajenmu yana ƙona kusan rabin lita kafin ya ba ka yunit ɗaya. Yunit 17 ke nan lita takwas da rabi. Ka ga an dawo gidan jiya: man da motar fetur za ta sha ta kai ka kilomita 100, shi janareto zai sha, har da ɗoriya, ga ƙara, ga hayaƙi, ga maƙwabta suna Allah ya isa. Duk wanda zai riƙa caji da janareto, motar fetur ya saya a kuɗin motar lantarki. Kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu sama da mako guda.

Amma kada wannan ya sa mu wuce gona da iri, domin akwai masu cewa ai ƙasar da ba wuta ba ta da abin yi da motar lantarki. Wannan ma kuskure ne. Soket ɗin ɗaki yana ba da yunit biyu da ɗan kai a awa guda, don haka cika batirin Kona daga sifili zai ci kusan awa 28. In ka ji haka sai gabanka ya faɗi. Sai dai wa ya ce kullum daga sifili za ka fara? Wanda ke yin kilomita 50 a rana yunit takwas da rabi kawai yake buƙata ya mayar, wato awa huɗu a jone. A tsarin rukunin wuta, an yi wa A alkawarin awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. In dai ana cika alkawarin (kun fi ni sanin wannan "in dai"), har ɗan rukunin D zai iya riƙe motarsa don zirga-zirgar gari. Ga kuma rana da Allah ya hore mana. Faifan sola mai ƙarfin kilowat uku zai iya tara yunit goma sha wani abu a wuni, in ana goge masa ƙurar hunturu. Matsalarsa ɗaya: da rana yake aiki, lokacin da motar take wurin aiki. In ka ce sai ka tara wutar a batirin gida ka juye da dare, wani sabon kashe kuɗin ne da dole ya shiga cikin farashin motar.

Yanzu ga inda na fi son mu tsaya. Ribar motar lantarki a kilomita take, wanda ya fi tafiya shi ya fi cin ta. Da lissafinmu na sama, ragin ya kama naira 3,375 a kowace kilomita 100. Ma'aikacin da ke yin kilomita 30 a rana, daga gida zuwa ofis zuwa ɗauko yara, zai rage kimanin naira 370,000 a shekara. A ƙaddara motar lantarkin ta ɗara ta fetur ɗin da zai iya saye da naira miliyan 10, misali ne kawai. Sai ya shekara 27 kafin ya fanshe. Kafin nan batirin ya daɗe da yin ritaya. Amma ɗan tasi mai yin kilomita 150 a rana, kwana 300 a shekara, zai rage kusan miliyan ɗaya da rabi duk shekara, ya fanshe cikin shekara shida zuwa bakwai, ko ƙasa da haka tunda a cunkoson gari motar fetur tana shan fiye da lita 8. Shi ya sa nake ganin Maiduguri ta kama bakin zaren. Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun fara ne da ƙananan motocin haya, suna cire musu inji suna sa batir. Gwamnatin Borno ma motocin haya ta sa a gaba, waɗanda aka ƙaddamar a Disambar 2023. Motar haya hanyarta sananniya ce, tana kwana a wuri ɗaya, kuma tana cin kilomita da yawa. Irin wannan ce lantarki ya fi karɓa, tare da A Daidaita Sahu da babur. Abin takaici, mai kuɗin sayen motar ba ya tafiyar da za ta biya shi, mai tafiyar kuma ba shi da kuɗin. Cire harajin VAT da aka yi wa motocin lantarki a 2024 ya taimaka, amma abin da ɗan haya yake buƙata shi ne bashi mai sauƙi ko biya kaɗan-kaɗan.

Sai maganar 'yar Kwatano, tunda yawancinmu can idonmu yake. A nan nake jin tsoro. Motar fetur tsohuwa, bakanike zai saurari injinta ya gaya maka halinta. Motar lantarki tsohuwa shiru take, fenti yana sheƙi, alhali rabin darajarta yana cikin batirin da ba ka gani. Ɗauki Nissan Leaf ta farko, ta 2011: yunit 24, kilomita 117 a ma'aunin Amurka tana sabuwa. Batirinta ba shi da tsarin sanyaya na ruwa, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka fara kukan yana saurin raguwa. To ina ga Sakkwato ko Nguru da zafi ke haura digiri 40? Idan irin wannan batir ya rasa kashi 30 cikin ɗari, abin da ya rage kilomita 80 ne, da kyar ka je Wudil daga Kano ka dawo. Kamfanoni galibi suna ba da garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, motar da ta kai shekara goma ta fita daga ciki. Batirin nan kuma ba kayan da za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Fanteka ka tsinto ba ne, bakaniken unguwa ma bai kamata ya taɓa shi ba, domin ƙarfin wutarsa yana kai wa ɗaruruwan bolt, yana iya kisa.

Saboda haka in ni za a tambaya, mai mota ɗaya tak wadda da ita yake zuwa garinsu da Sallah, ya dakata tukuna, ko ya nemi mai haɗa fetur da batir irin Toyota Prius, wadda ba ta buƙatar soket. Mai mota biyu, mai wuta ko sola a gida, wanda yawonsa bai wuce cikin gari ba, zai ji daɗinta, ko da ribar ba ta zo da wuri ba. Duk wanda kuma ya ƙudurta saye, kafin ya biya ya sa a jona na'ura a nuna masa kashi nawa ya rage na lafiyar batirin, ya tambaya ko da ruwa ake sanyaya shi, sannan ya duba bakin cajin, domin na Japan daban, na Turai daban, na China daban. Daga nan ya roƙi a cika ta, a kunna sanyi, a hau hanyar Zariya da shi a ciki na awa ɗaya, idonsa a kan allon caji.