Yawan Faifai Ba Shi Ne Tsaro Ba

A ƙarni na 19, fataken goro da ke tafiya daga Kano zuwa Gwanja sukan ya da zango a Jugu da Faraku, cikin Jamhuriyar Benin ta yau. Falke kan damƙa kayansa ga maigidan da ya sauke shi. Falke ya san kayansa da suna, amma maigida ne ya san ɗakin da aka jibge kowane ɗauri.

Haka kwamfuta take ajiye fayil idan an haɗa mata faifan ajiya fiye da ɗaya. Kowane yanki na fayil yana da adireshi iri biyu: adireshin suna, wanda manhaja take nema da shi, da gurbin zahiri, wato faifai kaza, wuri kaza. Tsakaninsu akwai kundin da ke fassara na farko zuwa na biyu. A tsarin Btrfs, wanda aka fara a kamfanin Oracle a 2007 kuma ya shiga Linux a 2009, ana yanka sararin ajiya gunduwa-gunduwa, yawanci gigabait 1, sannan kundin ya rubuta inda kowace gunduwa ta sauka. Amfaninsa shi ne ana iya ƙara faifai ko a cire wani, kaya su yi ƙaura, adireshin suna bai sauya ba.

A nan ne ɗalibin da ya naɗo muryoyin dattawan zango, ko ya ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami, ya kamata ya yi hattara. Yakan ɗauka cewa faifai biyu na nufin kwafi biyu. Ba kullum ba. A tsarin RAID0 ana rarraba fayil ne tsakanin faifan, mutuwar ɗaya kuwa ta tafi da duka. A RAID1 akwai kwafi biyu, amma abin da aka goge bisa kuskure yakan goge a duka biyun. Idan kuma kundin kansa ya lalace, kaya suna nan a ɗaki, sai dai babu maigidan da zai nuna ƙofa.

Za a ce sayen wani faifai na daban yana da tsada ga ɗalibi. Gaskiya ne. Amma dattijon da aka naɗi muryarsa bana ba lallai a same shi baɗi ba. Saboda haka wajibi ne a ajiye cikakken kwafi a faifan da ba ya haɗe da sauran, a wani gida daban, kuma a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci don a tabbatar yana karantuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.