Akwati ɗaya, ɗaki biyu: wa ke riƙe da komandi?

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwa ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, yau muna son mu taɓo wata magana wadda wasu za su ce ba ta kai a ɓata tawada a kanta ba. To amma duk wanda ya san gidajenmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san ba rashin hatsi kaɗai ke kawo tashin hankali cikin gida ba. Maganar ita ce ta akwatin parabol, wato dekoda, wanda maigida ke sayen guda ɗaya ya aje ɗaki ɗaya, sannan ya kira mai gyara ya ja waya ta bisa katanga zuwa telen ɗaki na biyu, ya ce ai ya raba, kowa ya samu.

Mu dai a ganinmu bai raba komi ba.

Bari mu faɗi yadda abin yake aiki, domin da yawa cikinmu sun biya kuɗɗin aikin ba tare da an yi musu bayani ba. Irin akwatin da muke saye kasuwa, tasha ɗaya yake iya buɗewa a lokaci ɗaya. Wayar da aka ja zuwa ɗaki na biyu ba tashoshi take kaiwa ba, hoton da akwatin ya riga ya zaɓa take kaiwa. In an sa ƙwallo nan, ƙwallo ne can. In an kashe nan, can ma ya mutu. Shi kuma komandi, ɗan abin nan na canza tasha, da wani haske yake aiki wanda ido ba ya gani, kuma hasken ba ya ratsa bango. Ke nan wanda akwatin ke ɗakinsa shi ne mai tele biyu, ɗayan kuwa ɗan kallo ne, ko da shi ya sayi tasa telen da guminsa.

Da can wannan ba matsala ba ce. Lokacin da Tele Sahel kaɗai gare mu, babu abin da za a yi gardama a kansa, a shimfiɗa tabarma tsakar gida har maƙwabta su shigo. Daga baya tashoshi masu zaman kansu suka fito, Tenere a 2000, Duniya a 2007, da sauransu, ga parabol ya kawo na waje barkatai. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, mata suka samu nasu shirye-shirye cikin harshensu, Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Labarina, waɗanda in kashi ɗaya ya wuce ki, gobe rumfar kasuwa sai ki zama baƙuwa cikin hira. Maigida da samari suna son ƙwallon Turai, tsohuwa tana son wa'azi, yara suna son nasu. Kuma duka bayan isha'i ne, lokaci ɗaya. In ban da kwanakin kokowar takobi, wadda tun da aka fara ta Tawa a 1975 take haɗa kan gida gaba ɗaya, da wuya ka samu daren da kowa ke son abu ɗaya. Kokowa kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara.

Yanzu mu shiga gidan mai mata biyu, inda abin ya fi ciwo. Akwati dole ya zauna ɗakin ɗaya daga cikinsu, kuma mun san ɗakin da ya fi zama, ba sai mun faɗa ba. Ita ɗayar ta wuni kasuwa cikin rana tana ciniki, ta dawo ta ɗora tukunya, ta sallami yara, ta zauna ke nan shirinta ya fara, sai hoto ya juye. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya taɓa ta, amma an gaya mata matsayinta. Sai ta aiki yaro: je ka ce wa innarku don Allah ta maido. Yaro ya tafi ya dawo da amsa, wani lokaci ma ya ƙara mata gishiri a hanya. Yau haka, gobe haka. Ranar da mai akwatin ta kulle ɗaki ta tafi biki ƙauye kwana uku, ɗayan ɗakin ma ya shiga duhu kwana uku. Abin da ya fi damunmu shi ne yaran, domin su ne ƴan aike, kuma tun suna ƙanana suke koyon cewa akwai ɗakin da ake roƙo da ɗakin da ke roƙo, alhali ubansu ɗaya.

Malamanmu kullum suna jan kunnen maza kan adalci wajen kwana, ci da sutura. Maigida yakan kiyaye waɗannan, in ya sayo turmi biyu iri ɗaya yake sayowa don kada a ce. To me ya sa wanda ba zai yarda ya kawo atamfa ɗaya ya ce su riƙa ɗaurawa bi da bi ba, zai kawo akwati ɗaya ya ce ya gama? Kuma kada a manta, gidaje da yawa kuɗɗin abonma na ƙarshen wata ba daga aljihun maigida kaɗai yake fitowa ba. Mai sayar da ƙuli-ƙuli ta sa nata, mai tuyar ƙosai ta sa nata. Wane ɗan kasuwa ne, Dole ko Katako, zai yarda a ce masa shago naku ne ku biyu, haya ku biya tare, amma makulli yana aljihun ɗaya?

Ita ma mai akwatin kada ta ɗauka ta ci riba. Duk abin da aka kalla ɗakinta, ana ganinsa ɗaya ɗakin, har da na tsakar dare. Kuma ta zama mai gadin tele, ba ta da ikon kwanciya da wuri ba a ƙwanƙwasa mata ƙofa ba.

Za a ce mana talauci ne, ba mugunta ba. Mun yarda, kasuwa ba ta yadda take, kuma ba mu ce kowa ya je ya ɗauki abonma biyu ba. Akwai ma inda akwati ɗaya ya fi: in ɗaki na biyu na yara ne, gara komandi ya zauna hannun iyaye, su san abin da ƴaƴansu ke kallo, kuma in an kashe kowa ya kwanta don gobe akwai lakwal. Haka nan tsohuwar da ita ma ba ta son wahalar latse-latse. Amma tsakanin manya biyu masu haƙƙi ɗaya, kishiyoyi ne, ko wa da ƙane da iyalansu, ko ƴan haya gida ɗaya, wannan araha ce wadda ba ta ado.

Alhali maganin bai da tsada kamar yadda ake zato. Tele ta biyu dai an riga an saye ta, waya ma an riga an ja. Abin da ya rage shi ne a canza kan parabol, wato ɗan abin nan da ke tsaye gaban faranti, a sa mai baki biyu, kowane baki da wayarsa zuwa ɗakinsa, sannan a sayi akwati na biyu irin na tashoshin kyauta, wanda ba a biyan komi duk wata. Faranti ɗaya ya isa akwati biyu, kowa da komandinsa. Kuɗɗin duka bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, kuma sau ɗaya ake biya. Sai dai a lura da abu guda: faranti tauraro ɗaya yake fuskanta, kuma akwatin kyauta abin da ke buɗe bisa wannan tauraron kaɗai zai kama. In tashoshin da mai ɗakin take so ba su nan, to ƙaramin faranti na biyu za a kafa mata. Tashoshin kuɗɗi kuwa, irin na Canal+, kowane akwati sai an buɗe masa nasa, wannan kamfani za a je a yi magana, ba bayan gida ba.

Muna gargaɗin jama'a da wata dabara da wasu masu gyara ke yi don sauri, su yanke wayar da ta sauko daga faranti su sa mata ɗan ƙarfe mai rassa biyu, su ce ga akwati biyu sun samu. Akwati ba karɓa kawai yake yi ba, shi ke aika wuta sama zuwa kan parabol, bolt 13 ko 18, gwargwadon rukunin tashar da aka zaɓa. In wannan ɗaki ya nemi 13 wancan ya nemi 18, kai ɗaya ba zai amsa wa biyu ba, sai tashoshi su riƙa ɓacewa ɗaki ɗaya duk lokacin da ɗayan ya canza. Kun ga an koma gidan jiya, har ma ya fi muni, domin yanzu zargi zai shigo, a ce da gangan take yi. Kuma da damina, ko wace irin haɗawa aka yi, in hadari ya taso da tsawa a cire wayoyi daga bango da bayan akwati, domin wayar da ta haɗa ɗaki biyu tana iya kai wuta ta ƙone kayan ɗaki biyu.

Ga iyayenmu mata kuma, wadda ke zubin adashi kuma ɗauka ta kusa zuwa kanta, ba laifi ba ne ta sayi akwatinta da kanta, ta gaya wa maigida shi kuma ya ɗauki kuɗɗin kai da na mai gyara. In mai gyaran ya zo, a tambaye shi ko kan mai baki biyu ne, a ga wayoyi biyu sun sauko daga faranti da ido, sannan a kunna tele biyun, a sa yaro ya yi ta canza tasha ɗaki ɗaya ana kallon ɗayan. In hoto bai motsa ba, a biya shi.